Ku Tambayi Dakta: An ba ni kyautar ƙatuwar macijiya a Manchester, in karɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, sannu da ƙoƙari. Ni mutumin Zariya ne amma shekarata 7 a Manchester ta Ingila. Wani Bature abokin aikina zai koma Ostireliya da zama, can kuwa ba a barin a shiga da irin wannan dabbar, shi ne ya ce zai bar min macijiyarsa kyauta har da kejin da hitar da komai. Boa ce, ta kai ƙafa 9, kilo 17, shekararta 8. Na je na gani wallahi har ɗaukarta na yi, lafiya lau ba ta da faɗa, kuma ni tun ina yaro ina bin gardawa masu wasa da maciji a kasuwa, abin yana burge ni. Matsalar Madam ce, ta ce ko ita ko macijiya. Yaranmu biyu, mai shekara 6 da mai shekara 3, gidan haya ne ciki biyu da falo. Shin mesa ce? Tana da dafi? Me take ci, kuma zan iya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh bari in fara da mai sauƙin. Boa ba mesarmu ba ce, sun yi kama dai amma gidansu daban. Ita asalinta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ce, su Barazil da Kolombiya da Peru, babu ita a dajin Afirka. Mesa ƙwai take sakawa ta kwanta a kai, boa kuwa haihuwa take yi, 'ya'yan su fito da ransu. Ba ta da dafi ko kaɗan, amma kar wannan ya sa ka saki jiki, bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu lanƙwasa zuwa ciki kamar ƙugiya, in ta kama ka ka fizge hannu kai ne za ka yaga naman kanka. Ƙarfinta a nannaɗewa yake. Da can ana cewa numfashi take hanawa, sai wani bincike da aka yi a Amurka a 2015 ya nuna jini take tsayarwa, ta matse har jini ya kasa zagayawa, shi ya sa ɓera ke mutuwa da sauri haka.

Yanzu maganar kyauta. Malam ita macijiyar ce mafi araha a cikin lissafin nan gaba ɗaya. Boa tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane, an ma taɓa samun wanda ya kai 40 a gidan zu na Philadelphia. Taka tana da 8, kaga kenan sai ka aurar da babban yaronka tana nan tana kallonka. Ka tambayi kanka, nan da shekara 15 kana Manchester ko ka koma Zariya? In ka koma wa za ka bar wa? Shi kansa Baturen abin da ya same shi kenan, kuma ka lura ba sayarwa ya yi ba, don ƙananan kowa na so amma mai ƙafa 9 da ƙyar ake samun mai karɓa, wuraren da ke karɓar dabbobin da aka gaji da su sun sha ganin irinta.

Keji: in na shi ƙarami ne kar ka yarda da "ai ta saba". Ya kamata ta iya miƙewa kusan gaba ɗaya, wato wajen ƙafa 8 a tsayi, faɗi ƙafa 3 zuwa 4, ka auna falonka ka gani, wurin doguwar kujera guda ne ya tafi. Kuma dole da makulli na gaske, ba a ɗora littafi ko bulo a kan murfi ba, jikinta tsoka ce zalla kuma ba ta da aikin yi dare da rana sai laluben inda ya yi sako-sako.

Sai zafi, nan ne kuɗin yake. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa, daga waje yake samu. Gefe ɗaya na kejin ya zama digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen wajen 25 zuwa 27 don ta riƙa zaɓa, laima kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A Manchester fa, garin da rana ke leƙowa kamar mai bin bashi. Ma'ana hita ba ta mutuwa, Janairu zuwa Disamba, kai ka san yadda bil ɗin wuta yake a can ba sai na faɗa maka ba. Hitar kuma sai an haɗa ta da tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin, an sa mata raga, don maciji yana iya kwanciya a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba. In sanyi ya kama ta sai ciwon huhu, ka ji tana shaƙar numfashi da ƙara, majina a baki, daga nan sai likitan dabbobi, kuma ba kowane ne ke duba maciji ba, sai ka nemo na musamman.

Abinci bai da yawa amma a nan nake ganin Madam za ta ƙara tubure maka. Babba kamar wannan sau ɗaya take ci a sati 3 zuwa 4, ƙaton ɓera ko ƙaramin zomo, kaurinsa kar ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. A Ingila matattu ake saya daskararru, a narkar a ɗumama a miƙa mata da dogon hantsaki, ba da hannu ba, kuma ba a ba ta mai rai, ɓera in ya ga mutuwa yana iya cizonta ya ji mata mummunan rauni. To ina za ka ajiye su? Firizar da Madam ke sa kaza da kayan miya? Sai dai ka sayi wata daban. Bayan ta ci a bar ta kwana 2 ba a taɓa ta, in ba haka ba ta harar da shi, kuma warin wannan abin Allah ya raba ka da shi. Haka in ka ga idonta ya yi fari-fari kamar hazo za ta yi saɓa ne, ba ta gani sosai, a lokacin ne mai haƙurin ma ke kai cizo.

Ka ce ka ɗauke ta lafiya. Na yarda, boa tana cikin masu sanyin hali. Amma masu kiwon sun yi ittifaƙi duk macijin da ya wuce ƙafa 8 ba a fito da shi mutum ɗaya, sai da wani babba a kusa wanda zai iya warware ta daga wutsiya in ta riƙe, kuma ba a rataya ta a wuya irin na masu ɗaukar hoto. Wa zai zama na biyun a gidanka? Wadda ta ce ko ita ko macijiya? Ba wai tana ƙinka ba ne in ta matse, ba kuma tana sonka ba ne in ta kwanta a jikinka, ɗumi ta ji. Ba kyanwa ba ce.

Yaran su ne suka yanke min hukunci. Boa mai wannan girman ba za ta haɗiye yaro ba, amma ba sai ta haɗiye ba ai. A watan Agustan 2013 a garin Campbellton na Kanada wata mesar Afirka ta fita daga kejinta ta bututun iska ta kashe yara biyu 'yan gida ɗaya suna barci, mai shekara 4 da mai 6. Waccan ta fi taka girma kuma ba irinsu ɗaya ba, na sani, amma ta ƙofar da ba a zata ba ta fita. Ko mun ajiye wannan, akwai ƙwayar salmonela da ke jikin macizai da kashinsu, mai sa zawo da zazzaɓi, har hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka ke cewa kar a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5. Ƙaramin naka shekararsa 3.

Ta fuskar doka boa ba ta cikin jerin dabbobin da dokar Birtaniya ta 1976 kan dabbobi masu haɗari ta ce sai da lasisi, amma dokar kula da dabbobi ta 2006 za ta kama ka in ka wulaƙanta ta, sannan ka duba takardar hayarka, mai gida na iya cewa a'a. Hukuncin ajiye maciji a addini kuma ba fannina ba ne, ka tambayi malamin masallacinku kafin komai. Ni dai shawarata kar ka karɓa yanzu. Ka taya shi neman wanda ya daɗe yana kiwonsu, in kuma sha'awar ta ƙi barinka ka riƙa zuwa wurin kana taya su ba da abinci da wanke keji na wata 6, mu ji ko tana nan. A gaida Madam.

TAMBAYA: Dakta, ni daga Bichi. Yarana sun kamo ɗan maciji mai zane-zane a gona sun ce ɗan mesa ne, yana cikin bokiti mun rufe. Zan iya kiwonsa yadda Turawa ke yi?

AMSA: Subhanallah, Alhaji kar kowa ya sa hannu a bokitin nan. Wa ya tabbatar mesa ce? Kasa da kububuwa duk zane gare su, kuma kububuwa ita ce ta fi kashe manoma a Arewa, je Kaltungo a jihar Gombe ka ga asibitin da aka ware don sarar maciji. In ma mesar ce, tamu ba boa ba ce, tana wuce mita 4 kuma faɗa gare ta, wanda aka kamo daga daji ba ya sabo kamar wanda aka haifa a keji. Ka nemi ma'aikatan gandun daji ko na gidan zu na Audu Bako a Kano su duba, yaran kuma a ja musu kunne sosai.

TAMBAYA: Dakta an turo mana a WhatsApp wai wata mata macijinta ya daina cin abinci yana miƙewa kusa da ita a gado, likita ya ce auna ta yake zai haɗiye ta. Gaskiya ne? Daga 'yar'uwarku a Maraɗi.

AMSA: Hajiya wannan labarin ya fi WhatsApp ɗin tsufa, kuma kullum ƙawar wata ce, ba a taɓa jin sunan garin ba. Maciji ba tela ba ne, ba ya awo, kwanton ɓauna yake yi, abinci ya gifta ya kai cafka nan take. Ƙin cin abinci na sati da sati kuwa abu ne da suka saba, musamman lokacin sanyi ko barbara ko saɓa. Miƙewar ɗumin jikinta yake nema. Abin tambaya shi ne me ya kai maciji gadonta tun farko, ina makullin kejin?