Canon ko Sony: wacce ta dace da mai sayar da atamfa da leshi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai daga gida a nan Kano. A Kantin Kwari nake saro kaya, in ɗauki hoto da waya in sa a sitatus da Instagram. Damuwata kala ce: sau uku a wata guda ana dawo min da leshi, wai ba kalar da aka gani a hoto ba ce. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, ina so in sayi ƙaramar kyamara mai kyau. Ƙanena ya ce Sony RX100 VII, ƙawata kuma ta ce Canon G7 X Mark III ake yayi. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In tsakanin biyun nan ne, Canon ce ta dace da sana'arki, amma da sharaɗi a kan farashi, zan zo kansa. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, Sony ta fi ƙarfin aiki. Sai dai inda ta yi fice ba nan leshi yake da buƙata ba.

Kyamarorin nan sa'annin juna ne, duka a 2019 suka fito. Nauyinsu kusan ɗaya, giram ɗari uku da 'yan kai, kowacce za ta shige jakar hannunki. Farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, wato sensa, girmansa ɗaya a cikinsu, wanda ake ce wa inci ɗaya, kuma kowacce megafiksil 20 ce. Duka suna ɗaukar bidiyo 4K, suna da ramin sa makirfo, allonsu na ɗagowa ya fuskance ki in kanki kike ɗauka, suna kuma tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi. Saboda haka duk mai shagon da ya rantse miki cewa ɗaya ta ninka ɗaya kyan hoto, cinikinsa yake nema. Bambancinsu na gaskiya yana ga ido, gilashin nan na gaba da ke fitowa in an kunna.

Idon Sony yana tafiya daga milimita 24 har 200, na Canon daga 24 ya tsaya a 100. Ma'ana Sony tana zuƙo abu mai nisa ninki biyu. Wanda ya tsaya cikin cunkoso ranar Hawan Daushe yana son fuskar mahayi daga can nesa, wannan kyamararsa ce, kuma kuɗinta halal ne. Ke kuwa kayanki a shimfiɗe suke kan gado ko a rataye a bango, taku biyu ne tsakaninki da su. Rabin zuƙowar da za ki biya wa kuɗi, har kyamarar ta tsufa ba za ki taɓa ta ba.

Kuma wannan doguwar zuƙowa ba a banza Sony ta same ta ba, da haske ta biya. In kin duba bakin idon za ki ga wasu lambobi. Na Canon 1.8 zuwa 2.8, na Sony 2.8 zuwa 4.5. Lissafin a juye yake: iya ƙanƙantar lamba, iya yawan hasken da ke shiga. Tsakanin 1.8 da 2.8, hasken ya haura ninki biyu. A tsakar gida da hantsi ba za ki ga bambanci ba. Amma ki tuna lokacin da kike ɗaukar yawancin hotunanki: kin dawo daga Kwari da la'asar sakaliya, kina so kayan su hau sitatus kafin magariba, ga shi an ɗauke wuta. A irin wannan ɗaki, kyamarar da haske bai ishe ta ba sai ta ƙara wa kanta ƙarfi, hoton ya fito da tsaki-tsaki, zaren leshi ya dame, ruwan hanta ya koma kamar baƙi, shuɗi mai duhu ya rasa inda ya dosa. Canon za ta jure wannan duhun fiye da Sony.

Sai matsowa kusa, abin da masu talla ba sa faɗa amma ku ne kuka fi kowa buƙatarsa. Mai sayen leshi mai tsada tana so ta ga yadda aka dasa duwatsun, mai sayen atamfa tana so ta karanta rubutun bakin zane. Ba tare da zuƙowa ba, Canon tana kama abu daga santimita 5, Sony daga 8, ba wani tazara. Amma in kin manna kyamara a jikin zane haka, inuwarta za ta faɗa a kai, gefen hoton kuma ya lanƙwashe. Yadda ake yi shi ne a ja baya kaɗan a zuƙo. To a ƙarshen zuƙowarta Canon tana kamawa daga santimita 40, kusan kamu ɗaya, Sony kuwa sai kin ba ta mita guda.

Inda Sony ta kere, ba gardama, shi ne bin abu mai motsi. Tana kama idon mutum ta riƙe, ko yana tafiya ko yana juyawa, a hoto da bidiyo. Canon a nan ta sha suka tun fitowarta, don takan yi ta laluben fuska, hoton ya dushe ya dawo. Kamfanin ya fitar da gyaran manhaja daga baya, abin ya yi sauƙi, amma ba ta kamo Sony ba. Da kin ce min abaya kike ɗinkawa, kuma tallanki duk bidiyon 'yan mata ne suna taku suna juyi, da amsata ta canza. Sony tana kuma da 'yar tagar leƙe da ke fitowa daga sama, mai amfani a cikin rana tsaka inda allo ba ya ganuwa, Canon ba ta da ita. Turmin atamfa dai ba ya gudu, kuma ba a rana kike ɗaukarsa ba.

Yanzu maganar da ta fi zaɓen kyamara muhimmanci, ki yi haƙuri da ni. Leshin da ake dawo miki da shi, ba lallai kyamara ce za ta hana ba. Kala tana canzawa ne saboda irin hasken da ya sauka a kan zane. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana mayar da fari ruwan ƙwai, farin ƙwai na sola yana watsa shuɗi-shuɗi, in kuma taga a buɗe take ga ƙwai a kunne, haske biyu ne suke kokawa a kan zane ɗaya. Sannan waya da kanta tana ƙara wa kala armashi don hoto ya burge, ruwan hoda mai sanyi ya fito yana ƙyalli kamar an wanke shi da mai. Kina iya sayen kyamarar miliyan biyu, ki bar ta ta zaɓar wa kanta, ta yi miki irin wannan ɓarnar.

Maganin a duka kyamarorin akwai shi, ana ce masa daidaita fari. Ki ajiye farar takarda a daidai inda za ki shimfiɗa zanen, ki nuna wa kyamara ki ce mata wannan shi ne fari, sauran kaloli sai su hau layi. Wayoyi da yawa ma suna da wannan a sashen ƙwararru na kyamararsu. Don haka kafin ranar kwasar adashi, ki yi gwajin mako guda: kashe ƙwai, shimfiɗa kaya kusa da taga ko a inuwar baranda da safe, wuri ɗaya kullum, ki cire duk wani tace hoto. In za ki tura wa mai saye, ki danna HD ko ki tura a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto, Instagram ma yana rage shi, megafiksil 20 ɗin nan kaɗan ne daga ciki ke isa wayar Hajiyar da ke Kaduna. In korafi ya ragu a makon nan, kin gano cewa rabin ciwon ba na kuɗi ba ne.

Mu zo kan kuɗin. Da suka fito, Sony dala 1,200 ce, Canon kuma wajen dala 750. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma kin san abin da ya sami naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, daga ƙasa da 500 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu yi lissafi da 1,500 don sauƙi. Canon ta kama naira 1,125,000, Sony 1,800,000, tsakaninsu 675,000. A ce ribarki a turmi guda naira 3,000 ce, ke kika san ta gaskiya, sai ki sa taki. Turmi 375 za ki sayar kafin Canon ta fanshi kanta. Ratar da ke tsakaninsu kaɗai turmi 225 ce. Kuma ba cinikin da kike yi yanzu za ki ƙirga ba, wannan da waya ma kina yin sa. Ƙarin cinikin da kyamarar ta jawo, da kayan da aka daina dawo miki da su, su ne kuɗin da take biya. Ki tambayi kanki wata nawa wannan zai ɗauka. In ya wuce shekara guda da rabi, ni dai ba zan sa hannu ba.

Dubu 675 ɗin nan kuwa, in ta zauna a hannunki, kaya ce. Ki saro leshi da ita gabanin azumi, ta juya sau biyu ko uku kafin Babbar Sallah. A cikin Sony kuwa kwanciya za ta yi a jaka, darajarta na raguwa. Kuma ki tabbata adashin nan riba ce kika tara, ba uwar kuɗi kika riƙa gutsura kina zubawa ba. Na ga masu yin haka da yawa, ranar kwasa su ɗauka sun samu, alhali jarinsu ne ya zagayo ya dawo musu.

Ga sharaɗin da na ce zan zo kansa. Yayin nan da ƙawarki ta faɗa gaskiya ne, kuma shi ne matsalar. 'Yan TikTok sun ɗauki Canon ɗin nan sun ɗora a kai saboda yadda filashinta ke fito da fuska a hoton dare, ta yi wuyar samu, har ta kai ana sayar da ita sama da farashin da ta fito da shi, ta hannu ma ta yi tsada. Duk hujjar da na kawo miki ta ginu ne a kan cewa Canon ta fi araha da tazara mai kyau. In kin je aka sa miki kuɗinta dab da na Sony, kar ki biya kuɗin yayi, leshinki ba ruwansa da TikTok ɗin wasu. A nan sai ki tambayi Sony ZV-1, wadda ta fito a 2020. Idonta mai haske ne irin na Canon, 1.8 zuwa 2.8, zuƙowarta ta tsaya a 70, tana da bin fuska irin na gidan Sony, ba ta dai da filashi a jiki. Ga mai sana'arki wannan ba rashi ba ne, filashi ƙyalli yake sa wa duwatsu ya kashe kala.

In ta hannu za ki saya, wadda ake ce wa tokumbo, ki buɗe ido a kan ƙura. Babu ɗaya a cikinsu da aka toshe ta daga ƙura, kuma idon nan mai shiga da fita yana shaƙar iska kamar zuga-zugi. Ba a cire shi a goge kamar na manyan kyamarori, sai an kwance ta gaba ɗaya. Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na sayi wata ƙarama a hannun wani, jikinta fes kamar ba a taɓa ba, sai da na ɗauki sararin sama na ga ɗigo uku a wuri ɗaya cikin kowane hoto, na koma ya ce shi lafiya ya ba ni. Gwajin ba wuya: a sa lambar ido a 11, a zuƙo, a ɗauki farin bango ko farar takarda, a buɗe hoton a duba kusurwa-kusurwa. Ki haska fitilar waya cikin gilashin ki ga ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo. Ki kunna ki kashe sau biyar kina sauraro, in idon yana ƙara ko yana tsayawa a hanya, ki ajiye musu kayansu. Ki karɓi rasit mai lambar jikin kyamarar, ki kuma nemi a rubuta miki kwanakin gwaji. In ta zo gida, lokacin hunturu a jaka mai zif za ta riƙa kwana.

Ki ware wani abu don 'yan rakiya. Batirinsu ƙanana ne, hoto ɗari biyu da 'yan kai suke yi a caji ɗaya, bidiyo kuwa shanye su yake, don haka batir na biyu dole ne. Na Canon NB-13L ne, na Sony NP-BX1, kuma jabu sun cika kasuwa. Sai mimori mai sauri, da sanda mai ƙafa uku, da farin yadi na shimfiɗa. Canon tana da ramin USB-C irin na wayoyin yanzu, amma ba kowace caja take karɓa ba, ki gwada taki a shagon.

Ranar da za ki je, ki tafi da ɗaya daga cikin leshin da aka dawo miki da shi, da farar takarda, da ƙanen naki tunda ya san kan abin. A daidaita fari, a ɗauki leshin da kowacce a cikin shagon, ɗaya daga nesa ɗaya a kan duwatsun. A tura hotunan wayarki, ke kuma ki tura wa ƙawarki ta WhatsApp yadda kike tura wa masu saye, kar ki gaya mata wanne ne na wacce. Ki tambaye ta wace kala take gani.