Tambaya da Amsa: Me ya sa ba sa bari mu taɓa gem kafin mu biya?

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gem senta a Aboabo nan Kumasi, PS4 uku da PS5 ɗaya, yaran Zongo ne kwastomomina. Kwanaki na ga tallan wani sabon gem a YouTube ya burge ni, na biya tun kafin ya fito, sai da na tura kuɗi ta waya (momo) aka sayo min katin dala na loda a akawun, ga datar saukewa kuma, da ya fito yara suka taɓa shi kaɗan suka ce su dai a mayar musu da ƙwallo. Dan Allah me ya hana kamfanonin nan sakin demo mutum ya gwada tukun? Ai wannan cinikin biri a sama ne.
Mai gem senta, Aboabo

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. In ta ni ce wallahi ya kamata su riƙa saki. Sabon gem na PS5 tun 2020 dala 70 ake sa masa, ka buga da canjin yau ka ga sidi nawa ne, mutum ya fitar da wannan kuɗin kuma abun da ya gani kawai bidiyon talla ne wanda su da kansu suka zaɓi inda ya fi kyau suka haɗa, ai ba adalci.

Kuma da can ana yi. Doom da ya fito a 1993 kashin farko gaba ɗaya kyauta kamfanin id Software ya sake shi, mutane suna ta kwafa wa juna a kwamfuta, wanda ya ji daɗi ya biya a aiko masa da sauran, da haka ya zagaye duniya. Zamanin PlayStation na farko mujallu ma da faifan demo suke zuwa. Kai da ƙwallo ce sana'arka za ka tuna demon FIFA da na PES da ake jira duk shekara, ƙungiyoyi kaɗan ne a ciki amma ya isa ka ji ko gudun 'yan wasa da bugun ya yi maka. A 2020 kamfanin EA masu FIFA suka ce FIFA 21 ba demo, a lokacin in kana so ka gwada kafin ka saya sai dai ka yi rajistar EA Play ta wata-wata su ba ka awa 10. Wato gwajin ma ya koma na kuɗi.

Toh dalilinsu fa? Suna cewa demo aiki ne daban, sai an cire ma'aikata daga ainihin gem ɗin ana dab da fitarwa a yanko wani yanki a goge shi, wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma babban dalilin aljihu ne. A 2013 wani masanin ƙera gem a Amurka, Jesse Schell, ya nuna alƙaluman cinikin Xbox 360 inda gem masu talla kawai suka ninka masu demo ciniki. Ka duba da kyau, in gem ba shi da daɗi demo ya tona masa asiri, in mai daɗi ne tsaka-tsaki mutum ya buga demon ya ƙoshi ya wuce, kamfani ba ya cin riba sai in gem ɗin ya yi kyau sosai har ka kasa haƙura. Kaga irin kuɗin da ka biya cikin zumuɗi shi suke tsoron rasawa. Ni kuma wannan lissafin nasu shi ya ƙara tabbatar min cewa demo mai saye yake karewa, shi ya sa nake goyon bayansa.

Wanda ya ga abun da ya faru da Cyberpunk 2077 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Disamba 2020 ya fito, miliyoyin mutane sun riga sun biya, a PS4 kuwa sai sanƙarewa da mutuwa yake yi, har Sony suka cire shi daga shagonsu suka mayar wa mutane kuɗi, bai dawo ba sai Yuni 2021. Da an saki demon PS4 ko na minti 30 irin wanda Capcom suka yi wa Resident Evil 2 a 2019, masu tsohon inji da yawa da sun riƙe kuɗinsu.

Abun dariya ƙananan kamfanoni su ne ba sa tsoro, don ba su da kuɗin talla, demon ne tallansu. Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, na yin wani biki sau 3 a shekara, Next Fest, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, demo ɗari-ɗari kyauta. Sai dai kar ka ɗauka demo ba ya ruɗi, ana iya goge awar farko ta yi ƙyalli sauran kuma shiru.

Kai dai ɗan'uwa, ka daina biya kafin fitowa, gem na intanet ba ya ƙarewa a shago balle ka ce za a riga ka. Bari ya yi sati biyu, ka kalli mutanen gari suna buga shi a irin injinka, ba tallan kamfani ba, ka kira manyan kwastomominka biyu-uku su gani tare da kai tunda su ne masu biyan kuɗin awa. A Steam in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba cikin kwana 14 suna mayar da kuɗi, amma a PlayStation da zarar ka fara saukewa magana ta ƙare sai in gem ɗin ne da matsala. Don haka in akwai faifai ka sayi faifai, in yara suka ƙi shi ka kai kasuwar Adum ka yi musaya ko ka sayar ka rage asara. Wannan da ka riga ka saya kuma ka bar shi a PS5 ɗin ka rage masa kuɗin awa da rana lokacin da ba layi, wataƙila a samu masu so.