Wa ke yanke hukuncin inda kowane abu zai zauna a shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina shekara ta uku. Na iya HTML da CSS daidai gwargwado, na kuma taɓa C++ kaɗan. Kwanan baya na haɗa wani shafi, ya fito tsaf a Chrome, amma da na buɗe shi a Firefox sai na ga wani akwati ya zame ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai. Mene ne a cikin burauza ke yanke hukuncin inda komai zai zauna? Kuma mutum irina zai iya shiga aikin rubuta wannan ɓangaren, ko sai ma'aikatan manyan kamfanoni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya shiga, kuma akwatin nan da ya zame shi ne ƙofarka. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki.

Ɓangaren burauza da ke wannan aikin shi ake kira inji, kuma injinan da ke ɗauke da kusan dukkan burauzojin duniya guda uku ne. Blink yana cikin Chrome da Edge da Opera, Gecko yana cikin Firefox, WebKit kuma yana cikin Safari. Blink ɗin ma daga WebKit aka tsage shi a 2013, shi kuwa WebKit daga KHTML na mutanen KDE ya samo asali. Kowannensu idan ya karɓi shafi yana mai da HTML, wato rubutun da ke faɗin abin da ke cikin shafin, bishiya mai rassa, wadda ake kira DOM. Daga nan ayyuka biyu da ka tambaya suke farawa: lissafin salo, sannan shimfiɗa.

Lissafin salo shi ne a ɗauki kowane reshe na bishiyar a tantance dokokin CSS, masu faɗin yadda zai fito, da suka hau kansa. Idan dokoki biyu suka yi karo, akwai tsarin fifiko: daga ina dokar ta fito, an yi mata alamar muhimmanci ko a'a, wacce ta fi ƙayyade abin da take nufi, in duk sun yi kunnen doki sai wadda ta zo ƙarshe ta yi nasara. Abin da ba a faɗa ba, kamar launin rubutu, ɗa ya gada daga uwa. Wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne injin daga dama yake karanta dokar zuwa hagu. Idan ka rubuta "nav ul a", ba ya fara neman nav. Yana tsaye ne a kan reshe ɗaya, ya tambaya ko wannan a ne, in ba shi ba ne ya wuce nan take, in shi ne sai ya hau sama neman iyaye da kakanni. Da haka yake watsar da mafi yawan dokoki tun a matakin farko.

Wannan aikin yana da yawa amma yana rabuwa, domin rassa daban-daban ba sa jiran juna da zarar an gama da uwarsu. Mozilla, mai Firefox, ta gwada raba shi tsakanin ƙwaƙwalen na'ura sau biyu da C++ bai yiwu ba. Sai da aka rubuta shi da harshen Rust a cikin aikin Servo, wani injin gwaji da Mozilla ta fara, aka sa masa suna Stylo, sannan ya shiga Firefox 57 a watan Nuwamba na 2017.

Shimfiɗa ita ce mai wuyar sha'ani. A nan ake ba kowane akwati faɗi da tsawo da mazauni. A shafi na yau da kullum faɗi daga sama yake saukowa, uwa ce ke gaya wa ɗa iyakar filin da yake da shi. Tsawo kuma daga ƙasa yake hawa, uwa ba ta san tsawonta ba sai 'ya'yanta sun gama zama. Da a nan aka tsaya da abin ya zo da sauƙi. Ɗauki sakin layi biyu, na sama yana da ratar fikzil 20 a ƙasansa, na ƙasa yana da 30 a samansa. Hankali zai ce 50 ne tsakaninsu. Doka ta ce 30, domin ratocin suna haɗewa a ɗauki babba. Sa su biyun cikin akwatin flex, wata hanyar jera abubuwa a CSS, ka jera su sama da ƙasa, sai ratar ta koma 50. Ƙara wani abu mai float a gefe, wato wanda rubutu ke zagaye shi, ko akwati fanko a tsakiya, sai ka ga sharuɗɗan suna ta haihuwa. Ba wanda zai iya gyara waɗannan dokokin yanzu ko da ya ga sun karkace. Tun da Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS a 1994, aka fitar da sigar farko a Disamban 1996, ake ta rubuta shafuka a kansu, kuma dole shafin da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce ya ci gaba da fitowa daidai.

Game da akwatinka, abu na farko da zan duba shi ne rubutun da ke cikinsa. Kafin injin ya san inda layi zai karye sai ya auna kowace kalma, kuma awon ya dogara da zubin haruffan da aka samu. Mu masu rubuta Hausa mun san wannan da idonmu. Ka rubuta "ƙasa" da zubin da ba shi da ƙ, sai injin ya je ya aro harafin daga wani zubin, ka ga ƙ ɗin ta fi sauran kauri ko ta ɗan fi su tsawo. Wannan aron yana iya ƙara wa layin tsawo, yana iya canza faɗin kalmar har ta faɗa layi na gaba, kuma kowace burauza da yadda take zaɓar inda za ta aro. Idan ajami ne aikin ya ninku: rubutu daga dama zuwa hagu, harafi yana sauya siffa gwargwadon maƙwabcinsa, ga wasula a sama da ƙasa. Chrome da Firefox duka da manhajar HarfBuzz suke wannan haɗin haruffan.

Na biyu shi ne ƙananan lissafi. Blink yana raba fikzil ɗaya gida 64, Gecko kuma gida 60. Idan ka jera akwatuna da faɗin kaso cikin ɗari har suka cika layi taf, ɗan guntun bambancin da ido ba ya gani ya isa ya tura na ƙarshe ƙasa a wata burauzar. Na uku, duba ko ka manta layin doctype, wanda ke sanar da injin nau'in HTML ɗin, a saman shafin, domin rashinsa yana jefa injin cikin tsohon yanayi na kwaikwayon kurakuran burauzojin shekarun 1990.

A ganina, wurin da ake gane gwanin wannan aikin shi ne sanin abin da ba sai an sake lissafawa ba. Shimfiɗa shafi sau ɗaya ɗalibi mai himma zai iya rubuta shi cikin 'yan makonni. Amma shafi ba ya zama wuri ɗaya. Allo mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana ba ka kimanin miliseken 16 ne kacal. Mutum ya danna maɓalli, aji ɗaya (class na CSS) ya canza a reshe ɗaya, to waɗanne rassa ne salonsu ya tsufa? Ka sake da yawa, wayar talaka ta yi ta sarƙewa tana cin batir. Ka sake kaɗan, wani abu ya tsaya a tsohon mazauninsa. Na taɓa kwana uku ina bin irin wannan: hoto yana gama saukowa, tsawon akwati ya ƙaru, amma rubutun da ke ƙasa ba ya motsawa sai an taɓa girman taga. Gyaran layi ɗaya ne, an manta a yi wa kakar akwatin alamar cewa awonta ya tsufa. Wannan matsalar ce ta sa doka irin ":has()", wadda ke zaɓar uwa bisa abin da ke cikin 'ya'yanta, ta daɗe ana jin tsoronta. Safari da Chrome sun kawo ta a 2022, Firefox sai Disamban 2023. Irin wannan matsalar ce kuma ta sa masu Chrome suka sake gina ɓangaren shimfiɗarsu da sunan LayoutNG, wanda ya fara fita a 2019, inda kowane mataki yake karɓar sharuɗɗa a fili ya ba da sakamakon da ba a sake taɓawa, don a iya adana shi a sake amfani da shi.

To ta ina za ka shiga? Kada ka fara da sauke Chromium, buɗaɗɗen kod ɗin da aka gina Chrome a kai. Takardunsa da kansu sun ce kana buƙatar fili na aƙalla gigabait 100, ga kuɗin data ga awannin haɗawa, kuma za ka gaji kafin ka ga komai. Fara da rubuta ɗan ƙaramin injinka wanda ya san akwatuna masu jeruwa da layukan rubutu kawai. Ba don wani ya yi amfani da shi ba, don hannunka ya san yadda faɗi ke sauka tsawo ke hawa.

Daga nan ka nufi web-platform-tests, rumbun gwaje-gwajen da duk injinan suke tarayya a kai, wanda sakamakonsa ke fitowa a wpt.fyi. Yawancin gwajin shimfiɗa shafi biyu ne: ɗaya yana amfani da dokar da ake gwadawa, ɗayan yana zana abu iri ɗaya ta hanya mai sauƙi, sai a gwama hotunansu fikzil da fikzil. Rubuta irin wannan ba ya buƙatar komai sai HTML da CSS da ka riga ka iya, da haƙurin karanta takardun W3C, ƙungiyar da ke tsara dokokin CSS, jimla bayan jimla. Wannan karatun shi ne rabin sana'ar, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi.

Idan ka shirya taɓa kod, ƙananan injina sun fi sauƙin shiga, domin akwai gwaje-gwaje da yawa da ba su ci ba tukuna. Servo da Rust ake rubuta shi, kuma kamfanin Igalia na ƙasar Sifen ya farfaɗo da shi a 2023. Ladybird, wanda Andreas Kling ya fara a cikin SerenityOS kafin ya tsaya da ƙafarsa a 2024, zai fi dacewa da C++ ɗinka. Igalia ɗin nan su ne suka rubuta CSS Grid a Blink da WebKit da tallafin Bloomberg, kafin ya fito a manyan burauzoji a Maris na 2017, alhali ba su ne masu waɗannan burauzojin ba.

Yau da dare ka kwafi shafin nan naka, ka riƙa goge abubuwa ɗaya bayan ɗaya kana dubawa a burauzojin biyu, har ya rage layi goma ko sha biyar da matsalar ke nan daram. Sannan ka nemo sashen dokar da ya yi magana a kai. In kuskuren naka ne ka gyara. In na injin ne, ka kai rahoto Bugzilla na Mozilla ko rumbun rahotannin Chromium tare da ɗan shafin, ka kuma turo mini shi mu duba tare.