Boka ne ko Malamin Hisabi? Amsoshi kan Masu Lissafin Taurari na Tibet

*Malam, na ji wani mai gabatar da shiri ya kira masu lissafin taurari na ƙasar Tibet "bokaye". Kalmar ta dace? (Wani ɗalibi daga Zariya)*

Ba ta dace ba, ɗalibi, kuma wannan ɗabi'a ta jefa duk wani ilimin gargajiya na wasu mutane cikin kalmar "boka" ta daɗe tana damuna. Boka a wurin Bahaushe mai saiwa da sassaƙe ne wanda ake danganta aikinsa da iskoki. Mutumin da kake tambaya a kai kuwa, mutanen Tibet suna kiransa tsipa, daga kalmarsu ta tsi, wato lissafi. Saboda haka sunan da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne malamin hisabi, domin hisabi ma asalinsa ƙididdiga ce a Larabci kafin mu keɓe shi ga wannan fanni.

Iliminsa rassa biyu ne. Ɗaya ya zo daga ƙasar Sin, ana haɗa dabbobi 12 da abubuwa 5, wato itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, a sami zagayen shekara 60. Ɗayan ya zo daga Indiya ta hanyar koyarwar Kalachakra ta addinin Buddha, shi ne mai lissafin tafiyar rana da wata da taurari, kuma daga shekarar 1027 ake ƙirga zagayen farko. Zagaye na 17 ya fara a 1987. A koyarwar gargajiya, ɗalibi yakan yi lissafinsa a kan faifan katako da aka barbaɗa wa ƙura, yana rubuta lambobi da tsinke yana shafewa. Kada wani ya yi saurin cewa ai bugun ƙasa ke nan, domin mai bugun ƙasa ɗige-ɗige yake zubawa ya karanta abin da ya fito, shi kuwa wannan tarawa da rabawa yake yi, ƙurar allo ce kawai.

Abin da ya fi nuna kuskuren kalmar shi ne matsayinsa a cikin jama'a. A 1916 Dalai Lama na 13, wato shugaban addini da mulki na Tibet a lokacin, ya kafa Men-Tsee-Khang a birnin Lasa, wato gidan magani da lissafi, kuma bayan Dalai Lama na 14 ya yi hijira daga Tibet a 1959 aka sake kafa shi a Daramsala ta Indiya a 1961. Kowace shekara ana fitar da kundin kwanaki mai suna lotho, wanda manoma da makiyaya ke dubawa. Idan za a yi aure, ana kai wa tsipa shekarun haihuwar saurayi da budurwa ya gwada ko sun dace, ya kuma nuna ranar biki. Idan an yi mutuwa, dangi sukan kai masa shekarar haihuwar mamacin da lokacin da rai ya fita, shi kuma ya faɗi ranar da za a fitar da gawa daga gida, da masu shekarun da bai kamata su taɓa ta ba, da addu'o'in da za a sa sufayen addinin Buddha su karanta. Wanda ake zuwa wurinsa da rana tsaka, makaranta ta yaye shi da shaida a hannu, ba shi ne wanda Bahaushe ke nufi da boka ba.

*To, ko za a ce masa "ɗan duba"? (Wata malama daga Maraɗi)*

Ya fi "boka", amma ya yi masa kaɗan. Duba da ɗiyan carbi ko ƙwayoyin caca masu ɗige, wanda suke kira mo, sana'a ce dabam a can.

*Malam, mene ne bambancin "sa rana" da "zaɓen rana"?*

Sa rana yarjejeniya ce tsakanin dangi biyu, zaɓen rana kuwa neman wadda ake ganin tana da sa'a ne, kuma masu rubutu da yawa suna cakuɗa su ba tare da kula ba. A Tibet tsipa ke zaɓe, iyaye su sa. A kan sa rana ne muke cewa "rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya", wato wa'adi yana zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Sai dai a kalandar Tibet kwanan wata yakan ɓace ɗungurungum, a tashi daga 7 a faɗa 9, wani kuma ya maimaitu sau biyu a jere, saboda tsawon kwanan da ake lissafawa da tafiyar wata ba ya daidaita da yini na rana. Shi ya sa ko ranar Losar, bikin sabuwar shekararsu, sai an jira masu lissafi sun fitar da ita.

*Shin mai faɗar gaibu na gidan ibadar Nechung da Dalai Lama ke tuntuɓa shi ma tsipa ne?*

A'a. Wannan suna ganin wani ruhi ne ke shiga jikinsa ya yi magana da bakinsa, abin da mu za mu kira hawa.

*Ya halatta Musulmi ya yarda da irin wannan lissafi?*

Wannan tambaya ta malaman fiƙihu ce, ɗan'uwa, a kai musu ita. Nan filin harshe ne.