Amsa ga Baban Hanifa kan tafiyar Utah da Hajiya

Baban Hanifa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar labarina ka ɗauko. Ka ce Hajiya ta zo ziyara daga gida, kana so ka ɗauke ta da iyali a motar haya daga Denver, ku bi babbar hanyar I-70 zuwa garin Moab da ke jihar Utah, daga can ku wuce Las Vegas a watan Yuli, kana tambaya ko hanyar lafiya take. Tafiyar da na yi ke nan shekara biyu da suka wuce, ni ma da mahaifiyata da uwargida da yara biyu.

Kafin komai, ranar da za ka karɓi motar nan, ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka ga tayar ko-ta-kwana da jak da idonka. Kada ka yarda da "akwai" ta baki. Ni na tambayi yaron da ke kanta a kamfanin, ko ɗago kai bai yi daga kwamfuta ba ya ce komai na ciki. Na yarda, na sa hannu.

Mun kwana biyu a Moab, muka dawo I-70 muka nufi yamma. Daga Green River zuwa Salina fiye da mil 100 ne babu gidan mai, babu shago, babu gari, har allo aka kafa ana gargaɗi. Na cika tanki a Green River, ina ganin na gama shiri. Muna tsakiyar duwatsun San Rafael Swell, wajen ƙarfe 1 na rana, tayar baya ta dama ta yi bindiga. Allah ya taimake ni na riƙe sitiyari har na gangara gefe. Na buɗe but, na sauke jakunkuna duka a kan tsakuwa, na ɗaga shimfiɗa. Rami ne kawai. Ɗan famfon iska da gwangwanin gam na faci, alhali tayar ta yage daga gefe, wayoyinta a waje. Na duba waya, babu sabis ko ɗigo. Ta uwargida ma haka.

Ɗan'uwa, ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Zafin ba irin na Sakkwato ba ne da za ka sami inuwar dalbejiya ka fake, nan ko itace ɗaya babu, sai jan dutse yana huro wuta. Ina kunna mota don sanyi, ina kashewa don tsoron mai. Hajiyata tana da hawan jini. Ta zauna a kujerar baya, ƙofa buɗe, ta jiƙa bakin mayafinta ta ɗora a goshi tana jan carbi, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita ce ke lallashina, tana cewa "ba komai, Allah na nan". Matar da na ɗauko don ta huta. Robar ruwa shida ce a motar, su ma sun yi ɗumi kamar shayi.

Sai bayan kusan awa biyu wani dattijo Bature a tsohuwar akori-kura, da karensa a baya, ya tsaya. Ya ba mu galan ɗin ruwa, ya yi gaba har inda ya sami sabis ya kira mana janwe. Ko sunansa ban riƙe ba, amma har yau Hajiya na sa shi a addu'ar shiriya. Kamfanin kuwa, da na same su daga baya, mutum huɗu aka yi ta miƙa ni gare su, kowa sai na sake ba shi labari daga farko. Ƙarshe wata ta ce ai taya ba ta cikin inshorar da na saya, kuɗin janwe da na sabuwar taya duk a kaina. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Na ce mata tsohuwa mara lafiya ta yi awanni a rana saboda ƙaryar ma'aikacinku, ko "yi haƙuri" ba ta fito daga bakinta ba. Na rubuta musu sau uku, shiru kake ji.

Duk da haka ba zan ce kada ku je ba. Da muka shiga Glenwood Canyon, kogin Colorado a gefenmu, duwatsu sun tokare sama, Hajiya ta yi ta tasbihi ba ta ko ƙifta ido. A Arches kuma, wurin shaƙatawa na duwatsu da ke kusa da Moab, ta ce in tsaya, ta fito ta dafa dutsen da hannunta. Amma ku shiga can da asuba, kafin 10 ku fito, don zafin Moab a Yuli yakan haura digiri 38 na Salshiyas.

Batun hawan jini, in taku Hajiyar na da shi, ku ga likita tukuna. Denver kanta ƙafa 5,280 take sama da teku, ramin Eisenhower kuma, inda hanyar ta huda cikin dutse, ya haura ƙafa 11,000, cikin kamar awa ɗaya za ku hau can. Tamu ta yi ciwon kai da haki sai da muka sauka wajen Glenwood Springs. Maganinta ya zauna a jakar hannu, ba a but ba. In kana gangarowa ka sa ƙaramar giya, kada ka kwanta kan birki, za ka ji ƙaurinsa.

Ruwa ka saya katan-katan, fiye da yadda kake zato. Ka sauke taswira a waya tun daga gida. Tanki ya kai rabi, ka ga gidan mai, ka sha. Kwana huɗu ka ba tafiyar, kada ka matsa, kuma ka guji tuƙin dare a ƙananan hanyoyi saboda barewa.

Abinci kuma, Maman Hanifa ta yi dambun nama da soyayyen kaza tun daga Denver a zuba a kula, don a ƙananan garuruwan nan naman halal sai a hankali, har waken gidajen abincin Meziko wani lokaci da man alade ake haɗa shi, sai ka tambaya. Alƙibla arewa maso gabas ce, mu a wuraren hutawa na gefen hanya muka riƙa yin ƙasaru. Green River garin kankana ne, amma lokacinta sai ƙarshen bazara, mu ba mu dace ba.

In ka tsai da rana ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ina da famfon taya da babbar kula, sai ka biyo ka ɗauka. A gaida Hajiya da kyau.