Mu goma sha biyu ne, gonar kuma ta gaji

Tambaya: Malam, na auri maigidana yana da 'ya'ya biyar, ni ma na zo da uku, Allah ya ƙara mana biyu. Mun sayi fili kadada ɗaya, amma ƙasar ta mutu, ruwan sama bin kanta yake ya wuce. Muna son raya ta ba tare da dogaro da takin zamani ba, ga shi babu wanda ya taɓa noma a cikinmu. Manyan yaran kuma har sun fara "gonar babanmu", "gonar mamarmu". Ta ina za mu fara?

Amsa: 'Yar'uwa, zancen yaran nan ya fi taurin ƙasar tayar mini da hankali. Kafin a sari ƙasa, ku zauna ke da maigidan a rubuta wanda ya mallaki filin da rabon kowa, a gaban shaidu, sannan a karanta wa manyan yaran. Wanda yake zargin wahalar wani yake yi ba zai tashi ban ruwa da asuba ba. Wajen rabon aiki kuma kada naki su ware, nasa su ware. Haɗa su bibbiyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, a ba su abin da za su kira nasu: waɗannan kaji, waɗancan taki.

Batun ƙasa, kada ku nome kadadar duka bana. Kashi ɗaya cikin huɗu ya ishi masu koyo. Sauran ku watsa wake: a saiwarsa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin bakteriya ke zaune, su suke jawo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Bayan girbi a bar karan a kwance, ba ƙonawa, ba sharewa. Na san za a ce ku malalata ne. Ku toshe kunne. Ƙasar da ke rufe ba ta ƙonewa da rana, ruwa kuma yana samun zama ya nitse.

Taki ku tara shi tsibi: busasshiyar ciyawa mai yawa, ɗanyen ganye da kashin dabba kaɗan, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Idan cikinsa ya kai zafin digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta sun mutu. Ɗanyen kashi kuwa a yi hattara, tunda akwai ƙanana a gidan. Dokar noman da ba sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa.

Awaki su jira sai kun yi shinge, in ba haka ba su za su yi muku girbi. Kuma wanda ke da albashi a gidan ya riƙe aikinsa, domin amfanin shekarun farko ba zai ciyar da baki goma sha biyu ba.