Amsa ga Ustaza kan horar da malamai da ma'aikatan jami'a

Wa alaikumus salam, Ustaza. Allah ya taya ki riƙo. Kin ce shugaban kwalejinku ya ɗora miki tsara horon kwamfuta ga malamai da ma'aikata, kina tambayar wace manhaja za ki fara da ita, kuma ko mako guda zai isa. Ni a sashen kwamfuta na wata jami'a nake a nan gabashin Sudan, na daɗe ina wannan fama, to ga abin da na gani.

Ki ajiye zancen manhaja tukuna. Ki ɗauki littafi ki zaga ofis-ofis, ki tambayi kowa aikin da ya fi cin ransa a ƙarshen zango. Abin da suka faɗa miki, shi ne jadawalinki. In kika shiga da "gabatarwa ga kwamfuta", ranar farko ɗaki zai cika, rana ta uku sai ke da kujeru.

Kuma da ni ne, da ofishin rajista zan fara, ba da malamai ba. Na san wasu a nan ba za su yarda ba. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, ya kuma kai Wad Madani a Disambar shekarar, mun ga abin da ya faru: malamai sun watse, wani Port Sudan, wani Alƙahira, wani Jidda, amma ta waya an ci gaba da karatu ko yaya. Abin da ya tsaya cik shi ne sakamako da shahada, wato takardar shaidar kammala karatu. Ɗalibi ya gama shekarunsa, makinsa kuwa yana cikin kwamfuta guda a ofishin da ba mai iya shiga. Saboda haka darasin farko shi ne ajiya: kwafi uku na kowane fayil, ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a ma'ajin da ake cirewa a tafi da shi, ɗaya a intanet ƙarƙashin asusun jami'a, ba na ma'aikaci ba. Tsofaffin rajistocin takarda ma a koya musu ɗaukarsu da waya shafi-shafi, a sa wa fayil suna da shekara da sashe. Kuma a gwada buɗe kwafin a gabanki, don wani sai ranar buƙata yake gane fanko ya ajiye.

Daga nan sai Excel, manhajar jera bayanai da lissafi, amma ba dukansa ba. Matsalolinmu sanannu ne. Lambar ɗalibi ko ta waya da ta fara da sifiri, Excel yana share sifirin in ba a mai da layin na rubutu ba. A rubutun Larabci, sunan Ahmad, wani ya rubuta da hamza wani babu, Fatima wani ya ƙare ta da ta marbuɗa wani da ha, sai VLOOKUP, umarnin da Excel ke nemo bayani da shi, ya ce babu wannan ɗalibi alhali ga shi zaune. Maganin shi ne a riƙa nema da lamba, kada a nema da suna. Sai kuma in za a ɗora sunayen ɗalibai a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, dole wajen ajiye fayil ɗin a zaɓi nau'in CSV UTF-8, in ba haka ba Larabcin zai fito alamomin tambaya. Waɗannan ukun kaɗai za su cinye zama biyu, kuma sun cancanta.

Malamai kuwa, Moodle na fi so mana. Kyauta ne, yana da Larabci, kuma manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da shabaka, wato intanet, ta zo, ya karanta bayan ta ɗauke. Manhajojin da ake biya da dala ki bar su. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa Oktoba 2017 ya sabar wa mutanenmu da kwafin sata, su ne kuma ke kawo ƙwayar cuta a kwamfutocin ofis. Inda babu lasisi, LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, ya wadatar. Abu uku kawai za ki koyar a zagayen farko: ɗora darasi, karɓar aikin gida, fitar da maki. Kowane malami ya zo da kwas ɗinsa na gaske, ya tashi ya bar mako biyu na darasinsa a ɗore. Ki koyar a kan waya, don da yawansu kwamfutarsu ta tafi tare da gidan. Ki hana su dogon bidiyo: sa'a guda a Zoom tana iya cin rabin giga ko fiye, ɗalibin da ke ƙauye kusa da Maiwurno ba shi da wannan. Murya ta minti goma da PDF sun fi isa gare shi. Wanda ya riga ya saba da Telegram kada ki raba shi da ita, ki dai nuna masa ya buɗe tasha, don wanda ya shigo daga baya ya tarar da darussan baya.

Akwai abin da ba a rubutawa a takardar tsari. Kada ki haɗa farfesa da mataimakin malamin da ya koyar jiya a benci ɗaya. Dattijo ba zai ɗaga hannu ya ce ya manta kalmar sirri a gaban ɗalibinsa ba, sai dai ya ce yana da taro. Manyan, ki bi su ofis ɗaya bayan ɗaya, a sha shayi, a yi a rabin sa'a. Wallahi waɗanda aka bi haka su suka fi riƙewa.

Batun mako guda kuwa, ban ba ki shawara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da aka koya ba a taɓa ba cikin kwana goma ya bushe. Gara zaman sa'a biyu sau ɗaya ko biyu a mako, a jera shi da kalandar jami'a: ɗora darasi kafin a buɗe zango, harhaɗa maki ana saura mako biyu jarrabawa. Ki fara da sassafe ki tashi kafin fatur, wato karin kumallo, don in kwanon ful (dafaffen wake) ya sauka wajen ƙarfe goma da rabi, ba mai dawowa da hankalinsa. Alhamis ki bar ta, azumi ma haka. Ki san lokacin da ake ɗauke wuta a unguwarku, ki nemi ɗakin da ke kan sola, ki kuma sauke komai a kwamfutarki tun dare.

Shahadar halarta da sa hannun shugaban kwaleji tana jawo mutane, amma a ba wanda ya nuna aikin da ya gama, ba wanda ya sa hannu a takarda ba. A kowane sashe kuma ki ware mutum guda mai haƙuri, ko sakatariya ce, ki ƙara mata horo, a rage mata wani aikin a rubuce, in ba haka ba wayarki ba za ta huta ba har tsakar dare.

In kin gama zagayen ofisoshin, ki turo abin da suka faɗa da adadin kwamfutocin da ke tashi, sai mu jera zaman tare.